Bayan An Sallami Mai Gazawar Zuciya: Makonnin Da Suka Fi Kwanakin Asibiti Haɗari

Ranar da aka sallami mai ciwon zuciya daga asibiti rana ce ta murna. An cire masa robar iska daga hanci, kumburin ƙafar da ya hana takalmi shiga ya sace, yana iya kwanciya da matashi ɗaya bayan ya shafe makonni yana kwana a zaune. Masu jinya su naɗe tabarma, su tattara kwanuka da fulas, 'yan dubiya su biyo shi gida da "Allah ya ƙara sauƙi". A wajen iyali magana ta ƙare ke nan. A wajen likitan zuciya kuwa ranar ce hankalinsa ya kamata ya fara tashi, domin mafi yawan waɗanda wannan ciwo ke ɗauka ba a kan gadon asibiti yake ɗaukar su ba. A gida ne, cikin makonni da watannin da suka biyo bayan sallama.

Ciwon da ake magana a kai shi ne gazawar zuciya. Ba tsayawa zuciyar ta yi ba, tana bugawa, amma ta kasa tura jini gwargwadon buƙatar jiki, ko kuma ta yi tauri ta kasa sakewa ta cika da jini yadda ya kamata. Idan hakan ta faru sai jini ya riƙa cunkushewa a baya. Wanda ya taru a huhu shi ke kawo haki da tarin dare, wanda ya taru a sauran jiki shi ke kumbura ƙafa da ciki da hanta. Ƙoda kuma, da ta ji jinin da ke iso mata ya ragu, sai ta ɗauka jiki ne ya bushe, ta shiga riƙe gishiri da ruwa. Taimako take nufi, amma ƙara wa zuciyar kaya take yi. Ranar da abin ya fi ƙarfin jiki, numfashi ya gagara, aka kwashi mutum zuwa ɗakin gaggawa, ita ce likitoci ke kira tashin ciwon, kuma daga wannan kwanciya ake fara ƙirga abin da zai biyo baya.

A cikin asibitin kansa, mutuwa ba ta kai yadda mutane ke zato ba. Babban kundin marasa lafiya na Amurka da ake kira ADHERE ya nuna kusan mutum 4 cikin 100 ne ke rasuwa kafin a sallame su. Sauran 96 suna komawa gida. Tsugunne dai ba ta ƙare ba. A cikin tsofaffin Amurka, kusan ɗaya cikin huɗu na sake dawowa gadon asibiti kafin kwana 30. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya bi mutum kusan 40,000 masu shekara 65 zuwa sama, ya tarar kashi 75 cikin 100 sun rasu cikin shekara biyar da kwanciyarsu, rabinsu ma ba su wuce shekara biyu da 'yan watanni ba. Cutar daji da dama ba su kai haka muni ba, amma ka ce wa mutum yana da daji sai gida ya ruɗe da kuka, ka ce masa zuciyarsa ta gaza sai ya tambaye ka kwana nawa zai sha maganin.

Akwai wani lissafi daga lardin Biritish Kolombiya na Kanada, na 2007, wanda a ganina ya fi kowanne bayyana halin wannan ciwo. An bi mutum sama da 14,000. Bayan kwanciya ta farko, matsakaicin abin da suka ƙara rayuwa shekara 2.4 ne. Bayan ta biyu ya sauko 1.4. Bayan ta uku shekara 1. Bayan ta huɗu, wata bakwai da ɗan wani abu. Wato kowace kwanciya mataki ce ta gangara, kuma mutum ba ya cika komawa inda yake kafin ta. Wani nazarin kuma, na marasa lafiyar wani babban gwajin maganin zuciya mai suna CHARM, ya nuna haɗarin mutuwa ya fi tsanani a watan farko bayan sallama, ya ninka na wanda bai kwanta ba kusan sau shida, sannan ya riƙa raguwa sannu a hankali.

To amma waɗannan alƙaluma na tsofaffin Turawa ne, 'yan shekara saba'in da ɗoriya, waɗanda galibi toshewar jijiyoyin zuciya ce ta kai su ga haka. Namu maras lafiyar daban ne, kuma an auna shi. Tsakanin 2007 da 2010 aka gudanar da bincike mai suna THESUS-HF a asibitoci 12 na ƙasashen Afirka 9, ciki har da Nijeriya da Kamaru da Sudan, kuma Kano na cikin cibiyoyin, inda Farfesa Mahmoud Sani na Jami'ar Bayero ya kasance cikin jagororinsa. Mutum 1,006 aka bi. Matsakaicin shekarunsu 52 ne, ƙasa da na Turawa da kusan shekara ashirin, kuma rabinsu mata ne. Hawan jini ne ya haddasa kashi 45 cikin 100, lalacewar ƙofofin zuciya sakamakon ciwon maƙogwaro na ƙuruciya ya ɗauki kashi 14, toshewar jijiyar zuciya kuwa bai kai kashi 8 ba. Waɗanda suka rasu a asibiti kashi 4.2 ne, daidai da na Amurka. Zuwa wata shida, adadin ya kai kashi 17.8.

A dubi tazarar nan da kyau: huɗu a asibiti, kusan goma sha takwas zuwa wata shida. Kuma ba tsofaffi tukuf ake magana ba. Magidanta ne masu 'ya'ya a makaranta, da matan da ke tsakiyar rainon yara. Binciken INTER-CHF na 2017, wanda ya kwatanta mutum 5,823 a ƙasashe 16, ya ƙara fito da abin fili. Mutuwa cikin shekara ɗaya kashi 7 ce a Sin, kashi 9 a Kudancin Amurka da Gabas ta Tsakiya, kashi 23 a Indiya, a Afirka kuwa kashi 34, alhali marasa lafiyar Afirka su ne suka fi kowa ƙarancin shekaru. Ko da masu binciken suka cire tasirin tsananin ciwon da magungunan da ake sha, tazarar ba ta gushe ba. Ba zuciyar Bature ce ta fi tamu ƙwari ba. Abin da ke jiran mutum a waje bayan ya bar ƙofar asibiti ne ya bambanta.

Na san akwai mai cewa rai da ajali na Allah ne, wane ne likita da zai ƙirga wa mutum kwana? Gaskiya ne, kuma babu likitan kirki da zai dubi mutum ɗaya ya ce masa ga ranarka. Alƙaluman nan ba sa magana a kan mutum ɗaya, suna magana ne a kan taro. Amfaninsu shi ne su nuna wa za a fi sa wa ido, kamar yadda makiyayi ke sanin wacce ce mai ɗingishi a garkensa tun kafin a kama hanyar mashaya.

Alamar farko da ke nuna haɗari tana ba mutane mamaki, musamman a ƙasar da kowa ya tashi da tsoron hawan jini. Wanda aka kawo yana haki jininsa ya hau sama sosai ya fi wanda aka kawo jininsa ya yi ƙasa damar tsira. A kundin OPTIMIZE-HF na Amurka, waɗanda awon jininsu na sama bai kai 120 ba lokacin karɓar su, kashi 7.2 suka rasu a asibiti, waɗanda nasu ya haura 161 kuwa kashi 1.7. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Zuciyar da ke iya tura jini har ya kai 180 tana da sauran ƙarfi, nauyi ne aka ɗora mata, da an sauke mata za ta miƙe. Wadda ta kasa kai shi 100 kuwa ƙarfin ne ya ƙare. Saboda haka idan mutumin da ya shekara goma yana fama da hawan jini ya wayi gari jininsa ya sauko da kansa ba tare da ƙarin magani ba, ga kuma haki da kasala da sanyin tafin hannu, wannan ba warkewa ba ce. Iyali da yawa suna murna da irin wannan awo, su ce hawan jinin Baba ya tafi.

Ta biyu ita ce ƙoda. Da masu kundin ADHERE suka tace abubuwa kusan arba'in da ake aunawa ranar karɓar maras lafiya, uku ne suka fi raba masu tsira da masu rasuwa, kuma biyu daga ciki na ƙoda ne: yawan yuriya a jini da yawan kiriyatinin, dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, sai na ukun ƙarancin awon jini. Wanda duka ukun suka yi masa kyau, haɗarinsa a asibiti kusan kashi 2 ne. Wanda duka suka ɓaci masa, ya haura kashi 20. Zuciya da ƙoda kamar kishiyoyi ne a gida ɗaya, ɗaya ba ta shiga damuwa ɗayar ta zauna lafiya. Ga kuma wata matsala: magungunan da suka fi tsawaita ran mai gazawar zuciya su ne waɗanda raunin ƙoda ke hana likita bayarwa da yawa, domin suna iya tara sinadarin fotasiyam a jini har ya rikita bugun zuciya. Mai raunin ƙoda ke nan ya fi kowa buƙatar maganin, kuma shi ya fi kowa wahalar samun cikakken awonsa.

Sauran alamomin sanannu ne a wajen masu aikin: tsufa, ciwon suga, ciwon huhu na dindindin, bugun zuciya mai sauri ko marar tsari, ƙarancin sodiyam a jini, da ƙarancin jini. Na ƙarshen nan ya fi shafar mu, ganin yadda zazzaɓin cizon sauro da haihuwa kusa-kusa da ƙarancin abinci mai gina jiki ke cinye jinin mutane, kuma binciken THESUS-HF ya same shi cikin abubuwan da ke hasashen mutuwa, tare da cutar daji da ƙanjamau. Rama ma alama ce. Maras lafiyar da kafaɗunsa da cinyoyinsa ke zubewa alhali cikinsa na ƙara girma, ruwa ne ke ɓoye ramar a kan sikeli.

Hoton zuciya, wanda ake kira eko, yana ba da lamba guda da marasa lafiya ke riƙewa kamar sakamakon jarrabawa: kashi nawa na jinin da ke cikinta zuciya ke turawa a kowane bugu. Mai lafiya yana tura kashi 55 zuwa sama, idan ya sauka zuwa 40 ko ƙasa sai a ce ƙarfin matsawarta ya ragu. Lambar tana da amfani wajen zaɓen magani. Amma a wancan bincike na 2017, masu lamba mai kyau da masu lamba marar kyau kusan daidai suka rasu cikin shekara biyar. Kada wanda aka ce wa ekonsa ya yi kyau ya ɗauka an wanke shi.

Abin da na fi so a tsaya a kai shi ne ruwan da ya rage a jiki ranar sallama, domin shi ne haɗarin da hannun mutum ke iya kaiwa gare shi. Haki yana sauƙi da wuri. Kwana biyu ko uku na allurar fitsari sun isa mutum ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji, alhali akwai sauran lita da dama a ciki da ƙafafu, jijiyar wuyansa kuma tana cike. Wanda ya tafi gida a haka, kwanaki kaɗan suka rage ya dawo. A nan al'adarmu ba ta taimaka wa likita. Bahaushe ko yana gargara ka tambaye shi jiki, "da sauƙi" zai ce, kuma ladabi ne da tawakkali, ba ƙarya ba. Sai dai likitan da ya tsaya a "da sauƙi" bai yi komai ba. Tambayar da ke fito da gaskiya ita ce: matashi nawa ka kwana da shi jiya? Ka iya zuwa banɗaki ka dawo ba ka tsaya hutawa ba? Kana iya sujada, ko a zaune kake salla? Wannan ta ƙarshen ta fi na'ura gaya wa likita inda aka kwana, domin mai ruwa a ƙirji sunkuyawa ce ke fara gagararsa.

Sannan ga aljihu. A Nijeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kiwon lafiya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye. Kowane kwana a asibiti kuɗin gado ne, da na iska, da na gwaji, da abincin masu jinya, da kasuwar da aka rufe ko gonar da aka bari. Da maras lafiya ya fara cin tuwo yana hira, sai babban ɗansa ya ja likita gefe: "Ranka ya daɗe, tunda Baba ya samu sauƙi, a taimaka a sallame mu, ma ƙarasa a gida." Likitan ma yana da mutum biyar a ɗakin gaggawa suna jiran gadon. Kowa na da hujjarsa, ruwan kuma yana nan.

A gida ne ake yin kuskuren da ya fi kowanne tsada, kuma kuskure ne mai ma'ana. Ana sallamar mutum da magani kala huɗu ko biyar. Ɗaya ne kawai daga ciki yake jin aikinsa a jikinsa: Lasix, ƙwayar fitsari. Ya sha da safe, kafin azahar ya zaga sau biyar, ƙafa ta sace, numfashi ya daidaita. Sauran kuwa ba ya jin komai, wani ma jiri yake sa shi ko tari ko kasala. Idan kuɗi ya yi kaɗan, wanne zai saya? Ai wanda yake gani yana aiki. Abin takaicin shi ne ƙwayar fitsari sauƙi take kawowa, ba a tabbatar tana tsawaita rai ba. Digoksin ma, tsohon maganin da har yanzu ake yawan rubutawa, babban gwajinsa na 1997 ya nuna yana rage kwanciya asibiti amma bai rage mutuwa ba.

Masu tsawaita ran su ne waɗancan marasa daɗin sha. Ga mai raunin matsawar zuciya gida huɗu ne. Akwai dangin enalafiril da lisinofiril, waɗanda aka tabbatar da amfaninsu tun 1987. Akwai masu rage gudun zuciya irin su bisofurolol da kabedilol, waɗanda gwaje-gwajen ƙarshen shekarun 1990 suka nuna suna rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Akwai sifironolakton, wanda gwajin RALES na 1999 ya nuna yana rage ta da kashi 30 cikin 100. Na huɗun, dangin dafagiliflozin, don ciwon suga aka fara yin sa, sai a 2019 aka tabbatar yana taimakon zuciya ko da mutum ba shi da suga. Ukun farko tsofaffin magunguna ne, kamfanoni da yawa na yin su, kuma ba su cikin masu tsadar gaske, ko da yake faɗuwar darajar naira tun 2023 ta taɓa farashin kowane magani. Aikinsu shi ne kwantar da sinadaran tashin hankali da jiki ke zubowa don ya zaburar da zuciyar da ta gaji, kamar mai dukan jakin da kaya ya riga ya durƙusar. Amfaninsu sai an yi makonni ko watanni ake gani, a kuma cikakken awo. Shan abin da bai kai cikakken awo ba shekara da shekaru, wanda shi ne abin da ke faruwa da mafi yawan marasa lafiya a duniya baki ɗaya, ba ya ba da abin da gwaje-gwajen suka nuna.

Sai kuma abin da ake ƙarawa daga waje. Dattijo mai ciwon gwiwa ya aiki yaro kemis a sayo masa maganin ciwon jiki, a haɗo masa da diklofenak ko ibufurofen ko felbin. Waɗannan duka suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, suna kashe aikin ƙwayar fitsari, kuma sun isa su mayar da mutum gadon asibiti cikin mako guda. Jiƙe-jiƙen da ake sa wa kanwa haka suke, domin kanwa gishirin sodiyam ce. A girki kuma, uwargida za ta rantse ta daina sa wa maigida gishiri, kuma gaskiya ta faɗa, sai dai dunƙule huɗu ta jefa a miyar, ba ta san rabin nauyin dunƙulen ko fiye gishiri ba ne. Ba ina cewa a koma cin lami ba. Wani gwaji na 2022 ya nuna tsananta ƙin gishiri ga wanda dama ba ya cin da yawa bai ƙara komai ba, kuma maras lafiyar da abinci ya daina yi masa daɗi rama zai yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a wuce giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule da burodi da taliyar leda. Yawancinmu mun wuce nan nesa.

Akwai rukuni guda da ƙasar Hausa ta yi suna da shi a littattafan likitancin duniya: masu jego. Gazawar zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa ba a samun ta a ko'ina da yawan da ake samu a nan. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka rubuta a kan ɗaruruwan mata, suka ɗora alhakin a kan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Maganar ta zauna shekara arba'in ana maimaita ta. A Yamai kuma, a 1992, wani bincike ya samu ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin matan da ciwon ya kama. Da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranci kundin masu wannan ciwo mai suna PEACE a asibitocin Nijeriya, sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna ciwon na kama mace ɗaya cikin haihuwa 96 a Kano, amma bai samu alaƙa mai ƙarfi da wankan ko kunun ba. Abin da ya fito fili shi ne rama, da rashin karatu, da rashin abin yi, da hawan jinin ciki. Talauci ke nan da sunaye daban-daban. Wannan bai wanke kanwa ba ga wadda zuciyarta ta riga ta raunana, gishiri dai gishiri ne, amma ya nuna an daɗe ana zargin tukunyar wanka alhali matsalar tana cikin tukunyar tuwo.

A cikin matan da kundin ya bi na kusan shekara ɗaya da rabi, wajen ɗaya cikin biyar ta rasu, kuma waɗanda zuciyarsu ta koma daidai ba su kai ɗaya cikin huɗu ba. Haɗarin ya fi yawa ga 'yan ƙasa da shekara 20, da masu ƙarancin awon jini, da masu bugun zuciya da sauri. A ƙasashen da ake bin irin waɗannan mata sau da ƙafa, da yawansu suna warkewa sarai, domin wannan na cikin nau'o'in gazawar zuciya 'yan kaɗan da ke iya komawa baya. Mai jegonmu kuwa hakinta "wahalar haihuwa" ce, kumburinta "jego ne bai karɓe ta ba", kuma tana gidan iyayenta wankan arba'in, fita sai da dalili. Idan an sallame ta, akwai maganar da ba a cika yi da mijinta ba: wani cikin kafin zuciyar ta murmure yana iya zama ajalinta.

Duk wannan zai zama lissafin baƙin ciki kawai da ba don wani gwaji da aka wallafa a ƙarshen 2022 ba, mai suna STRONG-HF. An yi shi a ƙasashe 14 a kan mutum 1,078, Nijeriya na ciki, kuma likitocin Kano na cikin waɗanda suka gudanar da shi. Babu sabon magani ko ɗaya a cikinsa. An raba marasa lafiyar da ake shirin sallama gida biyu. Rukuni ɗaya aka bar su da kulawar da aka saba. Ɗayan kuma aka fara musu magungunan nan uku na farko a rabin awo tun kafin su bar asibiti, aka nemi kai su cikakken awo cikin mako biyu, aka kuma dawo da su asibiti a mako na 1 da na 2 da na 3 da na 6. A kowace zuwa ana duba jijiyar wuya da ƙafa, a auna jini da bugun zuciya, a gwada ƙoda da fotasiyam da wani sinadari da zuciya ke fitarwa idan tana cikin matsi. Zuwa kwana 90, kusan rabin rukunin na biyu sun kai cikakken awon maganin rage gudun zuciya, a rukunin farko kuwa kashi 4 cikin 100 ne. Zuwa wata shida, waɗanda suka rasu ko suka sake kwanciya kashi 15.2 ne a rukunin da aka bi, kashi 23.3 a ɗayan. Mafi yawan ribar daga raguwar sake kwanciya ta fito, kuma an ɗan fi samun jiri da faɗuwar awon jini a rukunin da aka matsa wa magani. Duk da haka bambancin ya kai kwamitin sa ido ya tsayar da gwajin tun bai kai ƙarshe ba, kuma a 2023 ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta sa wannan tsari cikin ƙa'idojinta.

Ziyara huɗu cikin mako shida. A kwatanta da katin da aka saba miƙa wa maras lafiya ranar sallama, wanda sau da yawa ke cewa ya dawo bayan wata guda ko fiye, wato bayan lokacin da ya fi haɗari ya riga ya wuce, da shi ko ba shi. Ga mutumin da ke zaune a ƙauye mai tafiyar awa uku, zuwa huɗu kuɗin mota ne na mutum biyu sau takwas, ban da na gwaji. Amma ba duk abin da ake yi a ziyarar ne ke buƙatar babban likita ba. Awon jini da ƙirga bugun zuciya da danna ƙafa a ga ko yatsa ya lotsa, ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi zai iya, ya kira likita a waya a daidaita awon magani. Gwajin ƙoda da fotasiyam ne kawai ke tilasta zuwa inda akwai ɗakin gwaji, kuma shi ba a tsallake shi. A gida kuma sikelin hawa guda ya isa: kowace safiya bayan fitsari, kafin karin kumallo, a rubuta a bayan katin asibiti. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 ba ƙiba ba ce, ruwa ne, kuma yana bayyana a kan sikeli kwanaki kafin haki ya dawo.